Abin da Tankari Bai Ƙarasa Ba

Sun zaɓe ni dalage don muryata
tana kaiwa ƙarshen aji ba lasifika.
Na ɗauka shugabancin ke nan:
maƙogwaro, da yatsan nuni, da jan biro.

Wata uku kuɗin bursi bai sauka ba.
Muka taru gindin dogon yaro, bayan ɗakin karatu,
ranar Tawa tana dukan ƙeya,
ni kuma ina bisa benci ina dukan iska.
Na ce a rufe ko'ina,
aji da ofis, har ƙofar mai gadi.

Tankari ya ɗaga hannu.
Ɗan wani ƙauye ne can bayan Kaita, mai in'ina,
kalma kan turje masa a baki
kamar jaki ya ga kwazazzabo.
"In mu... mu... mun rufe..."
Na ce, "In mun rufe sun ji a jikinsu!
Gaskiyarka, ɗan'uwa, zauna."
Aka tafa. Na sha tafin kamar fura.
Shi ko ya sauke hannun sannu-sannu,
ya mai da shi aljihu.

Kwana tara ba karatu.
Kwana tara gidan abincin ɗalibai da kwaɗo a ƙofa.
Ni ban lura ba.
Gwaggona tana unguwar Wadata,
tuwona na jirana a rufe, ko na yi dare.

Ran na shida na shiga ɗakinsu neman sa hannu.
Su huɗu a tabarma, kofi ɗaya a tsakiya,
garin rogo da ruwan famfo, ba sukari,
cokali guda yana zagaye.
Tankari ya miƙo mini shi.
"Bismilla," ya ce, kalmar ta fito sumul.

A nan na ji sauran zancen,
ba wanda ya faɗa mini.
In mun rufe, ina za mu ci?
Kalma huɗu ce ta rage masa,
na kasa ba shi aron numfashi huɗu.

Da yamma na kai wa Tsahara, ma'ajinmu,
ina neman ta ce ba laifina ba ne.
Ba ta ɗago daga lissafinta ba.
"Asumana, kai ba ka saurare.
Jira kake a yi shiru ka ɗora."

Sai abin ya taso.
Na ji shi a jijiyar wuya, kunnena ya ɗau zafi,
amsa ta hau harshe da takalminta.
Shekara ashirin da uku yana hawa na yana sukuwa,
ran nan na fara ganin fuskarsa:
ashe ba fushi ba ne,
kunya ce ta ari rigar fushi.
Na riƙe gefen tebur.
Na ce, "Ƙara faɗi."
Ta faɗa, bai fi na farko daɗi ba.

Ba a koya mana wannan a darasi,
ba maki gare shi, ba ya fita a allo.
Ban kuma ce na iya ba.
Har gobe harshena na ƙaiƙayi in wani yana magana,
sai in sunkuya ina ƙirga 'ya'yan dogon yaro a ƙasa,
in duba wa ya zauna baya,
wa ya buɗe baki ya mayar.

Jiya Tankari ya sake ɗaga hannu.
Ya daɗe a kan harafi ɗaya,
wani ya yi tsaki, na dube shi, ya haɗiye.
Muka jira. Babur ya wuce a titi, muka jira.
Ya kai ƙarshe da kansa, yana share gumi.

Ban yarda da shawararsa ba.
Na faɗa masa, ya faɗa mini,
muka ja har aka kira magariba.